Kumfa Daga Bututun Gidan Alvin

Alvin Dembeck shi ne mutum na ƙarshe a birnin Baltimore da bai taɓa jingina da kowa ba. Da ƙafarsa ya tsaya tun yana yaro, da hannunsa ya gina duk abin da ya mallaka, kuma babu mahaluƙin da zai buɗe baki ya ce ya taɓa tura shi ko da taku ɗaya. Maganar nan tabbatacciya ce, domin shi da kansa ya faɗa mini, ya kuma maimaita ta sau da dama a teburin cin abinci, yayin da matarsa Roz take yayyanka masa nama ƙanana saboda haƙoransa.

Roz yayata ce. Ni ne Gus, ƙaninta, wanda ya yi shekara shida a jami'a yana karatun tarihi, ya ƙare da ɗaga jar lema a bakin ruwa, baƙi 'yan yawon buɗe ido na biye da shi yana nuna musu inda aka taɓa yin gobara. Alvin yana kirana Farfesa don ya tsokane ni. Ni kuma ina kiransa Injiniya, yana amsawa da zuciya ɗaya, ko da yake gyaran injin wanki ya yi har ya yi ritaya.

Kowace shekara, wata Asabar a watan Mayu, manyan mutane masu iyali sukan fito gasa da abubuwan hawa masu siffofi iri-iri da suka shafe hunturu suna haɗawa a gareji da tsofaffin kekuna, su shiga ciki su yi ta taka feda mil goma sha biyar. A bi titi, a faɗa ruwan tashar jirage, a fito a ratsa yashi, a ratsa taɓo, a koma inda aka taso. Zuwa na ɗaya bai dami kowa ba. Abin da Alvin yake nema wata 'yar lambar tagulla ce da ake bai wa waɗanda suka gama ba tare da wani ya taɓa abin hawansu daga waje ba, kuma ba su sa ƙafa a ƙasa ba. Sau tara yana nemanta. Wata shekarar ƙatuwar kaguwarsa ta kife a ruwa. Wata shekarar agogon bangonsa ya maƙale a taɓo har sai da 'yan kwana-kwana suka ciro shi, abin da Alvin bai lissafa a matsayin turawa ba, tun da dai jan sa aka yi.

A bana sai ya gina abin hawansa a siffar gidan mahaifiyarsa, wato siririn gidan jan bulo mai hawa ɗaya da aka haife shi a ciki, wanda aka rushe tun muna samari aka yi wurin ajiye motoci. Bangon kwali ne da soso, an shafe su da fenti. Matakala uku farare a ƙofar gida, kamar marmarar da tsohuwar take gogewa kowace safiya. Ƙarƙashin daɓen durom shida ne don ya yi iyo. A tagar ƙasa ya sa ragar sauro mai zane irin ta unguwarmu, da jan ɗaki da tafki da agwagi biyu, wadda na ciki ke ganin titi tar amma na waje ba ya ganin komai sai agwagin. Kujerar Roz tana ƙasa bayan wannan ragar. Ta Alvin tana sama, a tagar bene, inda jama'a za su gan shi. Fedar kowannensu tana juya tayoyi, amma ta Alvin tana da ƙarin aiki: tana kaɗa wata 'yar fanka da ke hura kumfar sabulu ta bututun hayaƙi.

Da safen ranar, Alvin ya tafi kai wa alƙalan gasar cin hanci. Al'ada ce, a fili ake yi, har a rubuta sunanka a yaba. Biskit mai cakulan ya kai musu, wanda Roz ta gasa. Yana juya baya ta jawo hannun rigata zuwa bayan gidan.

"Gus, wanne ƙarfe ne yake haɗa fedarsa da tayoyi?"

"Wannan notin. Lafiya, Yaya?"

"Kwance shi."

"Don me?"

"Likitan zuciya ya ce kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi jakar cefane nauyi," in ji ta. "Muna fitowa Alvin ya ce wai likitan nan yaro ne, bai san zuciyar mutanen da ba."

"To ki hana shi fita mana."

"Shekara talatin da takwas muna tare. Ka taɓa ganin na hana shi abu? Ni gyara nake yi. In ya taka wannan gidan ya hau tudu, a asibiti za mu kwana, in ma mun yi sa'a. In kuma na ce ya zauna a gida, to na binne shi da ransa. Bar masa fankar kumfar, ya ji yana taka wani abu."

"Yaya, gidan nan ya fi firji huɗu nauyi. Ga shi kansa a sama. Mil goma sha biyar ne fa, kuma ba a turawa."

"Shekara talatin na yi ina raba wasiƙu a unguwar da kowane gida yake da matakala. Kai da ba ka taɓa ɗaukar abin da ya fi lema ba, kada ka koya mini ƙafa. Kwance, kuma ka kama bakinka."

Na kwance notin na jefa a aljihu. Ilimin jami'a yana da amfani: yana koya wa mutum gane lokacin da aka fi ƙarfinsa.

Ina da baƙuwa ɗaya rak a ranar, wata dattijuwa 'yar Brazil, Madam Ferraz, mai farin takalmi da ƙaramin littafi da ta jera wuraren da take son gani. Na shaida mata cewa yau zagayen gari na musamman ne, za mu bi bayan wani gida. Ta duba littafinta ba ta ga gidan ba, ta rufe shi ta ce mu je.

Aka kaɗa ƙararrawa, titi ya cika. Ga butar shayi mai girman motar haya, tana tafe tana rangaji. Ga wani ƙaton haƙori da likitocin haƙori huɗu ke takawa cikin fararen riguna. Ga jinjirin wata, wasu mata biyu zaune a kan ƙahoninsa suna saƙa, ƙafafunsu na aiki a ƙasa kamar ba nasu ba. Hazon safe bai gama tashi daga ruwa ba, saboda haka duk abin da ya yi nisa kaɗan sai ƙafafunsa su ɓace, ya zama kamar shawagi yake yi. A tsakiyarsu gidan tsohuwa Dembeck ya taso a hankali, bututunsa na fitar da kumfa, ƙwallaye masu launin man da ya zube a kan ruwa, suna hawa sama suna leƙa tagogin ofisoshi.

Tudun farko yana nan kusa da inda aka taso. Na ji sarƙar ƙasa ta yi ƙara, gidan ya rage gudu har ya koma tafiyar mai rakiyar gawa, amma bai tsaya ba. Alvin ya leƙo ta tagar bene da lasifika a hannu, fuskarsa fes, babu ko ɗigon gumi.

"Farfesa! Ka ga aikin lissafi? Kamar a gangare nake! Na gaya muku sirrin yana wajen jera giyar keken, kuka yi mini dariya."

"Allah ya ƙara basira, Injiniya."

"Roz! Kina nan ko kin yi barci? Ki ɗan riƙa taimakawa, kada a ce na ɗauko ki a banza."

Daga bayan agwagin muryarta ta fito, a tsinke: "Ina taɓawa, Maigida."

Muka sauko muka bi gefen ruwa. Aikina ne in yi wa Madam Ferraz bayanin gari, amma Alvin ya karɓe shi da lasifikarsa. Ya nuna wani tsohon ɗakin ajiyar kaya ya ce a nan kakansa ya kori Turawan Ingila. Ya nuna wani coci ya ƙara masa shekara ɗari. Ban gyara masa ba. Na daɗe da lura cewa baƙi sun fi riƙe tarihin da aka faɗa da ƙarfi. Madam Ferraz kuwa ba ta kallon inda yake nunawa. Kumfar take bi da ido, in ɗaya ta sauko kusa sai ta miƙa tafin hannu kamar za ta karɓi saƙo.

A unguwar da titinta na duwatsu ne, gidan ya riƙa karkarwa, labulen bene na kaɗawa. Wasu tsofaffi biyu da ke zaune a kan matakalarsu suka miƙe tsaye, ɗayan ya cire hula. Ina jin sun gane gidan, ko kuma sun gane wani irinsa. Muka wuce shagunan soya kaguwa, ƙamshin yaji ya biyo mu har muka wuce layi biyu. Na matsa kusa da ragar.

"Yaya, ruwa?"

Hannu ya fito ta ƙarƙashin taga, ya karɓi gorar, ya koma.

Da tsakar rana muka isa gangaren da ake shiga ruwa. Nan jama'a suka fi taruwa, domin nan ake kifewa, kuma mutanen garinmu suna da tausayi irin na masu son su kasance a kusa idan abu ya faru. Haƙorin ya shiga ya karkace, likita ɗaya ya faɗo, aka yi tafi. Sai gidan ya gangara, matakalarsa suka nutse ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ya ɗago ya zauna daram a kan ruwa.

Wurin ya yi tsit. Gida ne sosai, da lambarsa a ƙofa da tukunyar fure a taga, yana tafiya a kan ruwan da babu iska, wani gidan kuma a kife a ƙarƙashinsa yana biye da shi. Fulafulan baya masu tura shi a ruwa suna juyawa a hankali. Tsuntsayen teku biyu suka sauka a kan rufin kamar sun daɗe da sanin adireshin.

Da suka kai tsakiya, kumfar ta ɗauke. Alvin ya daina takawa. Ya ajiye lasifikar ya dafa taga da hannu biyu, yana kallon can tsallaken ruwa, wajen da motoci suke jere suna ƙyalli a rana, inda gidan na gaske ya taɓa tsayawa. Ya daɗe a haka. Gidan kuma bai fasa tafiya ba.

Madam Ferraz ta taɓa gwiwar hannuna.

"Malam Gus, kumfa ta tsaya amma gida yana tafiya. A kan tudu ma na lura, idan ya ɗaga hannu yana gaisuwa, gudun ba ya canzawa. Wane ne a ƙasa?"

"Yayata."

"Ita kaɗai?"

"Ita da agwagi biyu."

Can ta ce, "Nawa mijin jirgin ruwa ya saya. Shekara goma sha ɗaya ina kwashe ruwa da bokiti, shi yana riƙe da sitiyari."

Da suka hauro tudu ruwa na zuba daga duromin, Alvin ya ɗauki lasifikarsa.

"Farfesa, rubuta wannan a littafinka! Akwai wata igiyar ruwa a tsakiyar tashar nan da babu wanda ya san da ita. Na saki feda gaba ɗaya, ta ɗauke mu kamar a tafin hannu. Ni na gano ta."

"Za a sa mata sunanka, Injiniya."

Yashin bai ba da wahala sosai ba, ɗan gajere ne. Taɓon ne abin tsoro. Yana cikin babban lambun shaƙatawa na gabas, a gindin wata hasumiya, kuma masu shirya shi sun ɗauki aikinsu da muhimmanci fiye da yadda hukumar gari ta ɗauki gyaran titi. Tun safe suke kwaɓa shi. Butar shayin tana gefe an riga an turo ta, matuƙanta sun yi baƙi ƙirin har wuya. Wata alƙaliya mai hular gashin tsuntsu tana tsaye a bakin wurin, idonta a kan hannayen mutane.

Gidan ya shiga da ɗan gudunsa, ya yi taku huɗu, ya tsaya cak.

Na ga tayoyin baya sun juya rabi sun koma. Suka sake juyawa rabi suka koma. A sama Alvin ya jefar da lasifikar ya kama ƙarfe da hannu biyu ya fara taka feda iya ƙarfinsa. Da yake babu abin da ke riƙe fedar sai 'yar fanka, ƙafafunsa suka riƙa wulwulawa kamar na mai gudun tsira, kumfa ta ɓarke daga bututun ba ƙaƙƙautawa. Ta rufe rufin, ta rufe rassan itatuwa, hasumiyar ta koma kamar ana ganinta a cikin mafarki. Jama'a suka ɗaga kai suna ihu. Ni fuskarsa nake kallo. Ta yi ja, sannan ta fara komawa launin toka, bakinsa a buɗe.

"Injiniya, sassauta! Lissafi ne sirrin, ba ƙarfi ba!"

"Rufe mini baki! Roz, taka! Ni kaɗai zan yi?"

Duk daƙiƙar da gidan ya ƙara a cikin taɓon nan, daga zuciyarsa ake cire ta, kuma Roz ta fi kowa sanin haka. Hanya biyu ce: ko a tura gidan ya rasa lambarsa karo na goma, ko ta fitar da shi yanzu. Madam Ferraz ta riga ta zaɓa. Ta shiga taɓon da farin takalminta, ta miƙa hannu za ta dafa bango. Alƙaliyar ta ɗaga alƙalami. Na cafke wuyan hannun saura ɗan yatsa ya taɓa.

"Sakar ni, matar nan za ta mutu a ciki!"

"Kada wanda ya taɓa mini gida," in ji muryar da ke bayan raga. Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma mun ji.

Na kusantar da fuskata har hancina ya kusa taɓa agwagin, sai na iya ganinta dishi-dishi. Ta tashi daga kan kujerar, ta tokare kafaɗunta da katakon silin, ta ɗora dukkan nauyinta a kan feda ɗaya. Idonta a rufe. Fedar ta sauka a hankali, a hankali, kamar ana danna ta cikin kwalta. Ta koma kan ɗayar. A karo na uku na ji wani sauti daga gwiwarta ta dama, irin na ɗanyen reshe idan an lanƙwasa shi ya wuce iyaka. Ba ta yi ƙara ba. Taɓon ya yi wata tsotsa mai tsawo ya saki tayoyin, gidan ya fito kan ciyawa yana ɗiga.

Alvin ya zube a jikin taga yana haki. Na ƙirga numfashinsa har launinsa ya dawo. Da ya samu bakin magana sai ya ɗaga hannu ɗaya sama, jama'a suka amsa masa.

Saura mil huɗu, yawanci gangare ne da shimfiɗaɗɗen titi. Da ƙafa ɗaya ta yi su. Ina jin yadda sarƙar ke ja ta saki, ja ta saki, gidan yana tafiya yana ɗingishi a cikin hasken la'asar, 'yar kumfa ɗaya-ɗaya na tashi. Madam Ferraz ta bi mu har ƙarshe da takalmi ɗaya fari ɗaya baƙi, ba ta sake buɗe littafinta ba. Mu ne na biyun ƙarshe. Babu wanda ya taɓa bangon.

Aka kira sunayensu su biyu. Alvin ya sauko ta tsani ya karɓi lambobin duka, ya ce uwargida tana ciki tana gyara gashi. Aka ba shi lasifika, wanda kuskure ne da garin nan yake maimaitawa. Ya gode wa mahaifiyarsa, ya gode wa lissafi, ya ja hankalin matasa da su daina jiran a tura su. Ya ce likitoci su ma su zo su koyi wani abu.

Na mayar da su gida a motata. Alvin ya yi barci tun kafin mu fita daga wurin ajiye motoci, lambar a ƙirjinsa. Roz tana baya, ƙafarta a miƙe a kan kujera, gwiwar ta kumbura har wandon ya ɗame. Na ce mu biya asibiti. Ta ce ranar Litinin, idan ya tafi wajen abokansa, kuma za ta ce a kan matakala ta zame.

A ƙofar gidansu na taimaka mata ta fito, ta zauna a kan matakalar farko kamar mai shan iska. Alvin ya farka ya miƙe ya yi miƙa, ya tsallake ta ya hau, sannan ya juyo ya dube ta da tausayi na gaskiya.

"Kin gaji ko? Ai na lura, tun daga taɓo kike ɗingisa mana tafiya. Ba laifinki ba ne, ba ki iya sarrafa numfashi ba. Dube ni, ko ciwon ƙafa babu. Kafin baɗi zan koya miki."

"To, Maigida. Shiga ka ɗora ruwan shayi, ina zuwa."

Ya shiga yana fito. Na miƙa mata hannu, ta girgiza kai, ta nuna mini mota da haɓa. Ta jira har ta ji ƙarar famfo daga kicin. Sannan ta dafa bayanta da tafin hannu biyu, ta ɗaga jikinta zuwa matakala ta biyu, ta jawo ƙafar da hannu, ta huta, ta sake dafawa.